Zaɓen Katin Zane Don Kwamfutar Wasa Mai Sanyaya da Ruwa a Arewacin Zamfara



Gabatarwa

Watakila wani ya yi mamaki, me ya haɗa malamin Hausa da kayan cikin kwamfuta? Amsar ita ce, duk abin da ya shigo kasuwar Bahaushe har ya ci kuɗinsa, to, ya cancanci a yi bayaninsa da harshensa. A yau samarin Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, musamman waɗanda suka ratsa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙaura cikin 1983, suna harhaɗa kwamfuta da hannunsu. Wasu don wasan ƙwallo da na tsere, wasu don buɗe gidan wasa su nemi abinci, wasu kuma don haɗa hotunan biki. Sau da yawa jarin shekara guda ne ake zubawa. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa a ƙasarmu zafin gari da ƙarfin wutar lantarki su ne ke zaɓa wa mutum katin zane, ba sunan kamfani ba.

Mene ne Katin Zane?

Abin da na kira katin zane wani faranti ne da ake sokawa a jikin uwar kwamfuta, aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a fuskar allo. Hoton allo kuwa ɗigo-ɗigo ne. Allon da aka fi samu a wajenmu yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo miliyan 2 da 'yan kai. Babban allon da ake kira 4K yana da fiye da miliyan 8. Don wasa ya tafi sumul, tilas katin ya sāke zana waɗannan ɗigo kamar sau 60 cikin daƙiƙa guda.

Kamfanoni biyu ne suka fi shahara a wannan sana'a: Nvidia, wanda ya fito da GeForce 256 cikin 1999, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI cikin 2006 ya gaji sunan Radeon. Su ke tsara ƙwaƙwalwar katin, sa'an nan irin su Asus da MSI da Gigabyte da Zotac su ɗora ta bisa faranti nasu, kowa da fasalinsa. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Wuta Ita Ce Zafi

Ƙa'ida ta farko: kusan duk wutar da kati ya sha, zafi take komawa. Ana auna ta da wat. RTX 4060 na 2023 yana shan wat 115. RTX 4070 yana shan 200. Radeon RX 7800 XT yana shan 263, RX 9070 XT na 2025 kuma 304. RTX 4090 na 2022 yana shan 450, shi kuwa RTX 5090 na 2025 har 575. Wanda ya kunna wannan na ƙarshe, in aka haɗa da sauran kayan kwamfutar, kamar ya kunna dutsen guga ne a ɗakinsa ya bar shi sa'o'i.

Randa da Lagireto

Ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi. Kofi ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kofi ɗaya na iska fiye da sau 3,000. Don haka ne ake cire fankokin da kati ya zo da su, a manna masa murfin jan ƙarfe mai 'yan hanyoyi a ciki, famfo ya riƙa tura ruwa ta tiyo, ruwan ya kwashi zafi ya kai lagireto, fanka ta hura shi waje, ruwan ya komo. Duk bakaniken da ke tashar Ƙaura ya san wannan tsari, don shi ne na injin mota.

Amma a nan ne mutanenmu ke yin kuskure, domin da an ce sanyin ruwa sai randa ta faɗo musu a rai. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafo, iska tana busar da danshin, busarwar kuwa tana tafiya da zafi. Shi ya sa ruwan randa ya fi iskar ɗaki sanyi. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba ya tsara tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex cikin 2000. Ruwan kwamfuta kuwa a rufe yake ruf, ba ya tsattsafo. Saboda haka lagireto ba zai taɓa mai da shi ƙasa da zafin iskar ɗakin ba. Ruwa ba ya kashe zafi, dako kurum yake yi.

Bari mu yi lissafi na misali. A ce ruwa ya ɗara iskar ɗaki da digiri 10, ƙwaƙwalwar kati kuma ta ɗara ruwan da digiri 15. Baturen da ke gwada kati a ɗaki mai digiri 22 zai ga ruwansa a 32, katinsa a 47, ya yi ta yabo a intanet. Ɗan Zurmi da ke ɗakin kwano cikin Afirilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 har ya wuce, zai ga ruwansa a 50, katinsa a 65. Katin dai bai cutu ba, gama yawancin katunan Nvidia sai sun haura digiri 80 suke rage gudu. Amma famfunan da aka fi amfani da su, D5 da DDC, iyakar zafin ruwan da aka yarje musu digiri 60 ne. Tazarar Bature 28 ce, ta ɗan Zurmi 10 kacal. In lagiretonsa ya yi kaɗan, ko ƙurar hunturu da ta bazara ta toshe haƙoransa, wannan goma ɗin ta tafi.

Sharuɗɗa Biyar

Na farko, a fara da allo. Wanda allonsa na ɗigo 1,080 ne, wasansa kuma eFootball ko EA Sports FC, ba ya bukatar katin wat 450. Sayen sa kamar ɗaura wa jaki sirdin zinariya ne.

Na biyu, a auna wuta. Kamfanin Nvidia da kansa ya ce RTX 4060 na son tukunyar wuta mai wat 550, RTX 4090 mai 850, RTX 5090 mai 1,000. Ƙaramin janaretan da ke ƙofar shaguna bai kai wat 1,000 ba. Mai sola kuma ya yi lissafi: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat-awa 2,400, kuma in na darma ne, rabin haka ya kamata a sha don ya yi ƙarko. Kwamfutar da ke jan wat 800 za ta cinye wannan rabi cikin awa ɗaya da rabi. Mai jan 300 za ta yi awa huɗu. Ga mai gidan wasa, wannan bambanci shi ne riba ko faɗuwa.

Na uku, a nemi murfi kafin a sayi kati. Na ce kowane kamfani da fasalin farantinsa. Murfin ruwan da EK ko Alphacool ko Bykski suka ƙera don RTX 4070 na Asus ba lalle ya zauna bisa na Zotac ba, ko da sunan ƙwaƙwalwar ɗaya ne. A duba cikakkiyar lambar katin cikin jerin da masu murfin ke bugawa. Ƙananan katuna kuwa da wuya a sami murfinsu, don ba su bukata. A kuma sani cewa kwance fankokin asali na iya soke garanti.

Na huɗu, lagireto daidai kati. Masu sana'ar kan ƙiyasta gurbin fanka ɗaya mai milimita 120 ga kowane wat 100. Wannan ƙiyasin ƙasar sanyi ne. Mu sai mu ƙara. Katin wat 250 tare da ƙwaƙwalwar kwamfuta mai wat 100 na son aƙalla lagireto mai fanka uku da wani mai biyu. A tabbata akwatin zai ɗauke su.

Na biyar, ruwa da ƙarfe. Kada a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda. Gishirin cikinsu zai toshe hanyoyin murfi. Tataccen ruwa ake sawa, tare da maganin tsatsa da na gansakuka. Kada kuma a gama jan ƙarfe da sanholo a layi guda, domin ruwa zai sa ɗaya ya ci ɗaya.

Katin Hannu da Nisan Kasuwa

Galibin katunan da ke iso mana na hannu ne, daga Ikeja ko Titin Beirut a Kano. Tun Satumbar 2022, da tsarin kuɗin Ethereum ya daina amfani da katunan zane wajen haƙa, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Ba dukansu ne matattu ba, amma a gwada kati da wasa mai nauyi na rabin awa a gaban mai sayarwa, da fankokinsa na asali, kafin a biya.

Har wa yau a tuna da nisa. Fanka in ta mutu, a kan sami madadinta kusa. Famfo in ya mutu, kwamfuta ta tsaya ke nan sai an aiko da wani daga Kano ko Ikko, ga kuma halin da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Zurmi suka shiga a 'yan shekarun nan. Don haka kada a yar da fankokin asali. Ranar wahala su ne mafita.

Kammalawa

A taƙaice, shawarata ita ce: wanda ya ƙudurta sanyaya da ruwa a wannan yanki ya nemi matsakaicin kati, tsakanin wat 200 da 300, mai ma'ajiyar gigabait 12 ko 16, wanda aka tabbatar akwai murfinsa, ya kuma kashe rarar kuɗin a kan lagireto da batir da ragar tare ƙura. Wanda aljihunsa bai kai ba, ƙaramin kati mai fanka ba abin kunya ba ne, zai kuwa yi masa aiki da kyau. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.