Babu Sojan Waje da Ke Kan Hanyar New Bell

Tun bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoban 2025 ake ta tura saƙonnin murya a wayoyin mutanen Duwala, daga rumfunan New Bell har ɗakunan ɗalibai a Ndogbong, wai a daure a ci gaba da fita zanga-zanga, Amurka ta gama shiri, Majalisar Ɗinkin Duniya za ta turo sojoji. Magidanci da furfurarsa zai kara waya a kunne, ya gyaɗa kai, ya tura wa yaran unguwa. Abin ya ishe ni, domin 'ya'yan mutane ne ke shaƙar barkonon tsohuwa su tari harsashi a kan wannan zance.

Katsalandan iri-iri ne, akwai na baki, na takunkumi, da na bindiga. Masu saƙon na bindigar suke nufi.

To, yaushe aka taɓa zuwa? A watan Fabrairun 2008, da yajin aikin direbobi kan kuɗin mai ya rikiɗe ya zama bore, an harbi mutane a nan Duwala, har a kan gadar Wuri. Gwamnati ta ce mutum 40 suka mutu a faɗin ƙasa, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce sun haura 100. Manyan ƙasashe sun fitar da takardun nuna damuwa, shi ke nan. Watan Afrilu bai ƙare ba aka cire wa'adin mulki daga kundin tsarin ƙasa. Kuma ba a rasa sojan Amurka a Kamaru ba: a 2015 Obama ya turo kusan 300 zuwa Garwa, amma domin Boko Haram. Mai ƙarfi bukatarsa yake bi, kuma bukatarsa a nan ita ce kaya su ci gaba da fita daga tashar jiragen ruwa zuwa Chadi da Afirka ta Tsakiya, man Chadi ya ci gaba da gangarowa Kiribi. Sauraron agajinsa zaman jiran gawon shanu ne.

A ce ma sun zo. Wanda ya tashi a New Bell ne zai roƙi sojan Faransa? A watan Mayun 1955 a wannan unguwar dakarun mulkin mallaka suka buɗe wa magoya bayan jam'iyyar UPC wuta, a 1958 suka kashe jagoranta Ruben Um Nyobe a daji. Sai a 2025 Macron ya rubuta wa Paul Biya cewa lallai ƙasarsa yaƙi ta yi a Kamaru. Libiya kuwa da sunan kare farar hula aka shige ta a 2011, aka kashe Gaddafi, makamansa suka malalo Mali, bayan 'yan shekaru muka ga bidiyon ana cinikin baƙin haure kamar awaki, aka riƙa kwaso 'yan Kamaru a jirgi zuwa gida. Tun daga nan Rasha da Sin suka ƙara riƙe kujerar naƙinsu a Kwamitin Sulhu.

Ba na cewa duniya ta naɗe hannu. Gwamnatin da ke harbin mai zanga-zangar lumana ta cancanci a daina sayar mata da makamai, a hana manyanta biza. Amurka ta rage wa Kamaru tallafin soja a 2019 saboda ta'asar yankin masu Turancin Ingilishi, kuma hujjojin da aka tattara ne suka jawo hakan.

Hujjar kuwa a hannunmu take. Saƙon da ba ka san wanda ya naɗe shi ba, kada ka tura, ka kuma tambayi wanda ya turo maka inda ya samo. Iyaye, ku san inda yaro ya nufa, katin shaidarsa na aljihunsa, lambar wani babba kuma ya haddace ta, domin waya ake fara ƙwacewa. In an kama naka, a ranar ka rubuta sunansa, lokaci, wurin, da ofishin 'yan sanda ko jandarman da aka kai shi. Wanda ya ji rauni ya karɓi takardar likita, a ɗauki hoton raunin, a ajiye kwafi wajen wani ɗan'uwa. A nemi lauya tun kafin a wuce da yaro kurkukun New Bell, saboda dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 ta ba da damar gurfanar da farar hula a kotun soja.