Tumatirin bayan katanga

Duk matar da ke girki a Demsawo ta san wannan. Ta wanke tumatir, ta watsa ruwan a lambatu, ta manta. Da damina ta sauka sai ga tumatir ya tsiro can bayan katanga, inda ba wanda ya shuka shi. Ruwa ne ya kai irin.

Haka kansar ƙoda take yi, sai dai jini ne ke ɗaukar irin nata, kuma ta fi tumatir haƙuri. Likita zai cire ƙodar da ta kamu, mutum ya warke, ya koma kasuwar Jimeta, har ya aurar da 'ya'ya. Bayan shekara 10, wani ma fiye da 20, sai wani ƙulli ya ɓullo. Galibi a huhu, ƙashi ko hanta ake tsammaninsa. Amma wannan cuta tana da halin sauka inda ba a zata ba: a fankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi mai samar da insulin, ko a gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, ko ma a fata. Idan aka yanko ɗan tsoka aka duba a madubin likita, sai a ga ƙwayoyin ƙoda ne zaune a wuya.

Da yawa in sun ji "ta yaɗu" sai su ce an gama, a koma gida a yi addu'a. Addu'a dole ce, amma a nan hukuncin ya yi gaggawa. Idan ƙullin ɗaya ne ko biyu, kuma jikin zai ɗauki aiki, ana yin tiyata a cire shi, mutane da dama su ƙara shekaru masu yawa. Tiyatar ba ta rasa nata kuɗin goro: wanda aka cire wa fankiriyas yana iya samun ciwon suga, wanda aka cire wa sashen nan na gaban wuya gaba ɗaya zai sha ƙwaya har ƙarshen rayuwarsa. In kuwa ta bazu ko'ina, sai magunguna irin su sunitinib, masu tsadar gaske.

Saboda haka wanda aka taɓa cire wa ƙoda saboda cutar kansa, ya adana takardunsa. Ko Asibitin Koyarwa na Modibbo Adama ya je, ko Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ko da kumburin wuya kawai ya kai shi, ya fara gaya wa likita batun ƙodar nan, komai daɗewarsa.