Abin Da Ya Sa Shafin Makarantarmu Yake Tafiyar Hawainiya

A farkon zangon karatun da ya wuce, wata Hajiya mai sayar da koko ta iso ofishin malamai na makarantarmu da ke nan Kumasi tana haki, gumi ya jiƙe mata mayafi. Tun daga Aboabo ta tako a ƙasa domin ta ji ko an ɗauki jikanta. Muka ce mata, "Hajiya, ai tun shekaranjiya muka sa sunayen a shafin makaranta na intanet." Ta ce, "Malam, kada ka tuna mini. Sau biyu ina sayen data, ɗan maƙwabcina yana dannawa, abin sai juyi yake yi kamar mazari. Kan liman kaɗai muka gani, wato hular hedimastanku, sai data ta ƙare." Aka yi dariya, amma ni abin ya tsaya mini a rai, domin kuwa ina cikin kwamitin da ya kafa shafin, da kuɗin da tsofaffin ɗalibanmu mazauna Jamus da Amurka suka tara mana.

Da farko kamfanin waya muka ɗora wa laifi, kamar yadda kowa yake yi. Sai da wani tsohon ɗalibina mai aikin kwamfuta a Ankara ya zo hutu, ya zauna da ni yini guda, sannan na gane cewa mu ne muka labta wa jaki kayan raƙumi.

Ga yadda lissafin yake, kuma mai karatu ya yi mini haƙuri, malamin lissafi ne ni. Duk abin da ke cikin shafi yana da nauyi, ana auna shi da kilobait da megabait, kilobait 1,000 ke ba da megabait 1. Rubutu ba shi da wani nauyi, sunayen yara 200 ba za su kai kilobait 10 ba. Hoto kuwa, in an ɗauko shi kai tsaye daga wayar zamani, yakan kai megabait 3 zuwa 5. A fuskar shafinmu mun jera hotuna 14, kowanne kimanin megabait 4, jimla megabait 56 ke nan. Mutumin da layinsa ke jawo rubu'in megabait a daƙiƙa, wanda ba baƙon abu ba ne a cikin zango da yamma, sai ya jira daƙiƙa 224, kusan minti 4, kafin shafin ya gama buɗewa. In kuwa datar gigabait 1 ya saya, buɗewa 18 ta cinye ta. Waɗanda suka riski faifan filofi za su tuna cewa megabait 1.44 yake ɗauka. Ashe hoton hedimasta shi kaɗai sai ya cika faifai kusan uku.

Abin takaicin ma shi ne, nauyin nan duk na banza ne. Hoton da faɗinsa ya kai ɗigo 4,000 ba zai fi kyau a fuskar waya ba, tun da wayar ce za ta sake matse shi da kanta bayan mai ita ya riga ya biya kuɗin saukarwa. Yaron nan ya rage faɗin kowane hoto zuwa ɗigo 1,000, ya mayar da su samfurin WebP wanda kamfanin Google ya fito da shi a 2010, sai kowanne ya dawo kimanin kilobait 150. Na sa gilashina na duba, wallahi ban ga bambanci ba. Muka zaɓi 6 muka bari a fuska, sauran muka kai su wani ɗaki dabam domin mai sha'awa. Megabait 56 ta dawo ƙasa da 1, minti 4 ya dawo daƙiƙa 4.

Sunayen yaran kuma, ashe sakatarenmu hoton takardun ya ɗauka ya liƙa, maimakon ya buga su a rubuce. Wannan kuskure ne da na ga ƙungiyoyinmu da masallatai da dama suna yi wajen sanarwa. Ban da nauyi, uba ba ya iya neman sunan ɗansa da dannawa ɗaya, sai ya bi layi-layi yana lumshe ido.

Daga nan muka shiga shara. Akwai taken makaranta da ke tashi da kansa da zarar an buɗe, akwai agogo mai juyawa, da akwatin ƙidayar baƙi, da hotuna masu sulɓewa hagu da dama. Kowane ɗaya daga cikinsu ƙaramar manhaja ce da sai waya ta sauko da ita ta kuma sarrafa ta, wasu ma daga kamfanoni dabam-dabam ake ɗebo su, in ɗaya ya makara duka su tsaya jiransa. Babbar waya ba ta jin wannan, amma ƙaramar da yawancin iyayenmu ke riƙewa sai ta ɗau zafi. Duk muka kwashe. Ya kuma saita shafin yadda hoton da ke can ƙasa ba zai sauko ba sai mutum ya gangaro wurinsa, sannan waya ta riƙa adana tambarin makaranta da makamantansa, kada ta sake sayen abin da ta saya jiya.

Akwai kuma batun nisa, wanda ban taɓa kawo shi a raina ba. Na'urar da ke ajiye da shafinmu tana Amurka. Wato Hajiya tana Aboabo, makaranta tana bayan gidanta, amma sai saƙonta ya gangara bakin teku, ya bi igiyar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa ya ƙetare, sannan amsa ta dawo. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin igiyar, sai dai shafi ɗaya yakan bukaci zuwa da dawowa da yawa, da haka jinkirin ke taruwa. Mun ga muhimmancin igiyoyin nan ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddebuwa, intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta na kwanaki. A kwanakin nan shafi mai sauƙi yakan lallaɓa ya buɗe, mai nauyi kuwa ko motsi. Maganin nisa shi ne kamfanoni irin su Cloudflare, masu ajiye kwafen shafi a birane da yawa domin a miƙa wa mutum daga wuri mafi kusa da shi, kuma suna da tsarin da ba a biya. Shi muka shiga.

Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa fiye da rabin masu buɗe shafi ta waya sukan juya in ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Mutanenmu sun fi haka haƙuri, amma haƙurin da sidi suke biyansa. Duk mai kula da shafin makaranta ko na ƙungiya yana iya auna nasa kyauta da PageSpeed Insights, zai jero masa abubuwan da suka yi nauyi. Ni dai na fi yarda da gwajin da muka yi daga baya: na ari tsohuwar wayar masinjanmu, na shiga cikin zango bayan magariba lokacin da kowa ke kan layi, na danna. Kafin in gama gaisawa da mai shayi sunayen sun fito.

Wuri ɗaya kawai muka sha daga, wato hoton hedimasta. Maigida ya ce ba a taɓa ganin makaranta ba shugaba a ƙofa ba. Bayan zama biyu aka yi sulhu: hoton yana nan, amma ya koma ƙasan sanarwa, nauyinsa kilobait 80. Jikan Hajiya kuwa an ɗauke shi, yana ajina, a layin gaba.