Kiwon Kaji a Bayan Gida: Abinci Kafin Ɗan Tsako

Ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, da uwargida mai ɗan fili a tsakar gida, da matashin da ya gama karatu yana jiran aiki, duk sukan yi sha'awar kiwon kaji, kuma suna da hujja. Sana'a ce da ba ta neman gona, kuɗinta kuma na juyawa da wuri. Sai dai da yawa kan faro ta daga inda bai kamata ba. Mutum ya kwashi duk abin da ke hannunsa ya sayo 'yan tsaki, sai sun kai sati uku cin su ya buɗe, sannan ya fara neman bashin abinci.

Abinci shi ne kusan kashi biyu bisa uku na duk abin da mai kiwo zai kashe. Kajin nama, waɗanda ake kira buroila, suna isa yanka cikin sati 6 zuwa 8, kuma kowace kan ci kilo 4 zuwa 5 a wannan tsakanin. Katan ɗaya na 'yan tsaki yana ɗauke da guda 50, buhun abinci kuma kilo 25 ne. Ke nan katan ɗaya zai lashe buhu 8 zuwa 10 kafin a ga ko sisi. Mafi yawan wannan ci a makonnin ƙarshe yake, daidai lokacin da aljihu ya yi sanyi. Wanda ya rage musu abinci a lokacin, ko ya cika shi da dusa don ya yi auki, kajinsa za su tsumbure, kuma a kasuwa nauyi ake saye. Farashin abincin kuma yana bin na masara da waken soya, don haka abin da aka saya a farkon kiwo ba lallai a same shi haka a ƙarshe ba. A ganina, duk wanda bai ajiye kuɗin abincin zagaye guda cif ba, gara ya rage yawan kajin. Kaji 25 ƙosassu sun fi 100 masu yunwa kawo riba.

Kajin ƙwai lissafinsu ya fi tsawo. Sai sun kai sati 18 zuwa 20 suke fara saka ƙwai, wato kusan wata biyar ana ciyarwa babu abin da ke shigowa. Idan sun fara, kaza 100 kan cinye buhu guda cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i, amma kullum akwai kiret ɗin ƙwai da za a sayar wa masu shayi da masu kanti. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar da irin kajin ƙwai na ShikaBrown domin ya dace da yanayin ƙasar nan. Akwai kuma na tsaka-tsaki irin su Noiler, masu juriya, da suke iya kiwo a tsakar gida kamar kajin Hausa, sai dai ba su kai buroila saurin girma ba. Mai aikin ofis da ba ya wuni a gida zai fi samun sauƙi da irin waɗannan.

Ko wane iri aka zaɓa, sati biyun farko su ne masu wuya. Yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga wajen Ibadan ake kawo su, sun kwana a mota, sun galabaita. Kafin su iso a share ɗakin, a fesa magani, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a kunna gawayi ko fitila ɗakin ya ɗumama zuwa wajen digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa mako-mako. Ruwa ake fara ba su kafin abinci. Ko babu ma'aunin zafi, su da kansu za su nuna: in sun cunkushe a jikin wuta sanyi suke ji, in sun gudu bango suna haki zafi ya yi yawa, in sun bazu suna ci suna sha to an dace. Gawayi a ɗaki rufe ruf yana kashe su, dole a bar kafar iska.

Cutar Niyukasil takan share akurki cikin 'yan kwanaki, musamman da hunturu, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Haka ma Gumboro mai kama ƙananan kaji. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin rigakafin duka biyun, likitan dabbobi kuma zai tsara ranakun bayarwa. Rigakafin da ya sha rana a hanya ya lalace, a ɗauko shi cikin ƙanƙara. Murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna, har yau tana dawowa, kuma ƙafar mutane na cikin abin da ke yaɗa ta. Kada a bar dillalin da ya zaga gonaki da kasuwa ya shiga ɗakin kaji, a fito masa da su waje. Da bazara kuwa zafi kaɗai ya isa ya kashe manyan buroila. A rage cunkoso, a ba su ruwa mai sanyi, a ciyar da sassafe da yamma.

Sai maganar mai saye, wadda ya kamata a gama ta tun kafin a kawo katan. Buroila da ta isa yanka ba ta jira. Kowace rana da ta ƙara tana cin ribar mai ita ne, dillalai kuma sun san haka, shi ya sa suke taya kajin wanda ya matsu da arha. Masu dabara sukan ƙirgo sati bakwai baya daga Sallah ko Kirsimeti, ko su ƙulla da masu gashin kaji, da gidajen abinci, da abokan aiki tun da wuri. Kazar da aka bai wa maganin ƙwayoyin cuta kuma, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika kafin a sayar, domin mutane ne za su ci. Bayan an kwashe kajin a tattara kashinsu cikin buhuna, manoman lambu suna sayensa, sannan a wanke ɗakin a bar shi ya huta kamar sati biyu kafin a zuba sababbi.