Amsoshin Takardunku: Me Ya Sa Juji Ya Daina Zama Taki?

Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai kiwo daga Tudun Wada, ya rubuto yana cewa a da iyayensu kan kwashi juji su kai gona, amma yanzu in ka zuba sai leda. Yana tambaya, me ya kawo haka, kuma ina mafita?

To, malam, mun gode da wannan tambaya. Sharar da, toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da ragowar abinci. Duk suna ruɓewa. Shi ya sa manoman kewayen birnin Kano suka daɗe suna ɗaukar takin birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. Leda kuwa daga man fetur ake yin ta, ƙwayoyin da ke ruɓar da ganye ba sa cin ta. Sai dai rana ta kakkarya ta, ta zauna cikin ƙasa shekaru masu yawa. Tun da ruwan leda ya yaɗu a shekarun 1990, abin ya ƙaru.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, dabba. Akuya ko saniya in ta ji gishiri ko mai a jikin leda sai ta haɗiye. Ledar ta dunƙule a tumbi, dabba ta rame ta daina cin abinci, har ta mutu. Tambayi mahauta, za su gaya maka abin da suke tararwa.

Ta biyu, ruwa. Leda ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa, damina ta zo ya shiga gidaje ya ci katangar ƙasa. Abin da ya wuce kuma rafi zai kai shi Kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974. Ruwan nan ne ake noman rani da shi a Kadawa da Kura.

Ta uku, hayaƙi. Ƙona leda a tsakar gida na cutar da ƙirji, musamman na yara da tsofaffi.

Wasu ƙasashe sun ɗauki mataki. Ruwanda ta hana ledar saye a 2008, Kenya ta bi a 2017. A nan gida, gwamnatin soja ta shigo da tsabtace muhalli cikin yaƙi da rashin ɗa'a a 1985, kafin nan kuma akwai duba-gari. Amma doka ba ta shara, mutum ke yi.

Ga shawara. Ka raba shara gida biyu tun daga tsakar gida: mai ruɓewa a rami don taki, leda da gwangwani da batir a buhu daban. Za ka kasuwar Kwanar Ɗangora, tafi da jakarka ko kwando. 'Yan kasuwa, kowa ya rataye buhu a rumfarsa, sarkin kasuwa ya sa ido. Robar maganin feshi kuwa, a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan cikin abin feshi, a huda ta, kada a kuskura a zuba mata ruwan sha ko mai. A kuma yi gayya a yashe kwata kafin ruwan farko.