Eriyar da Ake Naɗewa Kamar Tabarma

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin rediyo bayan sallar magariba, yana jan eriya yana murɗa allura tsakanin mita 19 da mita 25 domin ya kamo labarin duniya, to haƙiƙa ya riga ya shafi mas'alar da ta fi damun masu ƙera ƙananan taurarin ɗan'adam, ko da bai sani ba. Mitocin nan tsawon zangon igiyar rediyo ne, kuma ɗabi'ar da Allah Ya halicci igiyar a kanta ita ce, eriya ba ta kama ta sosai sai tsawonta ya dace da zangon, galibi rubu'insa ko rabinsa.

A shekarar 1999 malamai biyu a jihar Kalifoniya ta Amurka, Bob Twiggs na Stanford da Jordi Puig-Suari na Cal Poly, suka tsara wa ɗalibai wani tauraro mai suna CubeSat, wanda kowane gefensa santimita 10 ne tak. Irinsa ne Nijeriya da Gana suka samu aka sakar musu daga tashar sararin samaniya a 2017. Batir ya yarda an ƙanƙanta shi, kwamfuta ma ta yarda, amma eriya ta ƙi, domin kuwa a megahaz 145, inda da yawa daga cikin taurarin farko ke karɓar umarni, zangon ya kai kimanin mita biyu, rubu'insa rabin mita ke nan, wato ninki biyar na jikin tauraron.

Dabarar da aka yi abar dariya ce, kuma abar al'ajabi. Aka yanko tef ɗin ƙarfe irin na awon kafinta, wanda in an lanƙwasa shi aka saki sai ya miƙe da kansa, aka naɗe shi a jikin tauraron, aka ɗaure da zaren nailan na masunta, sa'an nan aka jingina wata 'yar waya a kan zaren. Bayan roka ta saki tauraron, sharaɗi ne ya yi haƙurin minti 30 don kada ya taɓa maƙwabtansa, kana a saki wuta a wayar, ta yi zafi, zaren ya tsinke, eriya ta buɗe. In zaren ya ƙi tsinkewa, ko wutar ta gaza, aikin shekaru ya zama kurma kuma bebe, yana ta kewaya duniya ba mai jin ɗuriyarsa. Ni a ganina babu wani sashe na tauraron da ya kai wannan zare arha, babu kuma wanda ya kai shi hatsari.

Sai dai tef ba ya aika bayani mai yawa, ba ya kuma kai nesa, don haka aka koma ga gajerun zanguna da eriyar da ke tattara ƙarfinta waje guda. A 2018 hukumar NASA ta gwada RainCube, mai faifan raga na rabin mita da ke buɗewa kamar laima. A shekarar kuma ta aika tagwaye masu suna MarCO zuwa duniyar Mars, kowanne da alluna uku a ninke, an jera musu ƙananan tagulla masu mayar da igiyar ta fuskanci duniyarmu. Kuma ran 26 ga Nuwamba, sa'ad da wani kumbo mai suna InSight ke sauka a Mars, ta kan allunan nan ne labarin saukarsa da hotonsa na fari suka iso.