BABI NA HUƊU: ISTIROJIN NA MATSI DA MATSALAR BUSHEWAR GABA GA MATAN DA SUKA DAINA HAILA A DAWANAU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo alamomin da mace kan gani idan haila ta fara yi mata sallama, kamar zafin da ke taso mata ba zato, da gumin dare, da rashin barci. A wannan babi za a ɗauki alama guda ɗaya wadda aka fi yin shiru a kanta, wato bushewar gaba da matsalolin fitsari da ke tafiya tare da ita. Za a duba yadda ake fahimtar ta a Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye, sannan a yi bayanin maganin da likitoci suka fi amincewa da shi, wato sinadarin istirojin da ake matsawa a gaba.

4.1 Abin da ke Faruwa a Jikin Mace

Likitoci kan ce mace ta daina haila idan ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ciki ko goyo ko wata cuta ce ta jawo ba. Ga yawancin mata hakan kan faru tsakanin shekara 45 zuwa 55. Dalili kuwa shi ne ma'ajiyar ƙwai guda biyu da ke gefen mahaifa sun daina sakin ƙwai, kuma sinadarin istirojin da suke samarwa ya ragu ƙwarai.

Fatar cikin farji da bakinsa da hanyar fitsari da mafitsara duk sun dogara ga wannan sinadari. Muddin yana nan, fatar kan kasance da kauri da laushi da damshi, jini yana kai mata sosai. Haka kuma tana tara wani nau'in sukari da ake kira gilaikojin, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, laktobasilas, ke ci su mayar da shi ruwa mai tsami. Wannan tsami shi ne garkuwar wurin, domin ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga hanji ba sa iya yaɗuwa a cikinsa. A ma'aunin tsami na masana, gaban mace mai haila kan tsaya ƙasa da 4.5, amma bayan daina haila yakan haura 5, ma'ana tsamin ya ragu.

Idan istirojin ya ja baya, sai fatar ta yi siriri ta bushe, ta riƙa tsagewa da ɗan gogayya kaɗan. Daga nan sai ƙaiƙayi da raɗaɗi, da zafi yayin saduwa da miji, wani lokaci har da ɗigon jini. Sai kuma yawan jin fitsari da zafinsa, da ciwon mafitsara mai tafiya yana dawowa. An kiyasta cewa kusan rabin matan da suka daina haila suna fama da wani abu daga cikin waɗannan. A shekarar 2014 ƙungiyoyin likitoci biyu a Amurka suka haɗa alamomin gaba da na fitsari ƙarƙashin suna ɗaya, saboda tushensu ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne zafin jiki da gumin dare sukan lafa da kansu bayan wasu shekaru, amma bushewar gaba ƙaruwa take yi idan ba a yi magani ba.

4.2 Yadda Ake Ɗaukar Matsalar a Dawanau

Dawanau gari ne a Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, cikin karkarar da gonakin gero da dawa da gyaɗa da wake suka haɗe da juna. An fi sanin garin da kasuwarsa ta hatsi da aka kafa a 1985. Mata da yawa, ciki har da dattijai da zawarawa, suna cin abinci a wannan kasuwa ta hanyar shiƙa da tsintar riɗi da zoɓo a rumbunan 'yan kasuwa. Wadda ta yini a irin wannan aiki cikin zafin bazara, ba ta shan ruwa isasshe kuma tana riƙe fitsari saboda rashin wurin kewayawa, ta ƙara wa mafitsarar da ta riga ta yi rauni wani nauyin.

A bakin matan wannan yanki, kamar sauran ƙasar Hausa, kalmomi biyu ne suke ɗauke da wannan matsala: “sanyi” da “ni'ima”. Duk wani ƙaiƙayi ko zafin fitsari ko raɗaɗi a gaba, sanyi ake ce masa. Ita kuwa bushewa, rashin ni'ima ce. Kowace kalma kuma ta zo da maganinta. Idan sanyi ne, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso da ƙwayar matsi, ko a jiƙa sassaƙe. Idan rashin ni'ima ne, sai a nemi mai kayan mata, a sha tsimi da gumba da haɗin dabino da aya da kwakwa.

Kuskuren da ke cikin na farko shi ne maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya mayar wa fata kaurinta. Ko da akwai ciwon mafitsara na gaske, zai kwanta na ɗan lokaci ne ya dawo, tun da ƙofar da ya shigo ta nan tana buɗe. Daɗin daɗawa, yawan shan irin waɗannan magunguna yana kashe ragowar laktobasilas, yana kuma sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Game da na biyu kuwa, dabino da aya abinci ne mai kyau, ba su da laifi, sai dai ba sa maye gurbin istirojin. Inda haɗarin yake shi ne kayan matsi da na tsarki. Bagaruwa, wadda dukawa da majema ke jeme fata da ita, aikinta tsuke fata ne da busar da ita, haka ma alif. Fatar da ta riga ta bushe ta yi siriri, idan aka bi ta da waɗannan ko da miski da turare, an yi garin neman gira an rasa ido. Mafi muni shi ne idan bakin farji ya ƙuntata, a ɗauka gishiri ne, a kira wanzami ko ungozoma su yanka. Yankan gishiri yana daga cikin sanannun dalilan yoyon fitsari a Arewacin Nijeriya.

Abin bai tsaya ga jiki ba. Macen da ta kai wannan shekaru galibi ta zama uwargida, ta aurar da 'ya'ya, tana da surukai da jikoki. Kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa 'yarta ba, balle likita namiji sa'an ɗanta. Miji kuma ba ya samun bayani, sai dai ya ga tana kawo uzuri ranar girkinta. Shi ya ɗauka ƙi ne ko raini, ita kuma ta ɗauka tsufa ne da ba shi da magani. A gidan da akwai kishiya, takan kai ga uwargida ta yafe kwananta tana da shekara hamsin da 'yan kai, a yaba mata da dattako, alhali ciwo ne ya kore ta.

4.3 Istirojin na Matsi

Hikimar wannan magani ita ce a kai sinadarin wurin da ake bukatarsa, da ɗan ƙanƙanin adadi, ba tare da ya zagaya jiki duka ba. Yana zuwa a siffa uku. Akwai kirim da ake sawa da ɗan bututu ko da yatsa, kamar Ovestin da Premarin. Akwai 'yar ƙaramar ƙwaya ta matsi, kamar Vagifem, mai ɗauke da maikirogiram 10. Akwai kuma zobe mai laushi, Estring, da ake sawa a bar shi wata uku yana sakin maganin a hankali. Ƙa'idar ƙwayar ita ce a matsa kullum da dare har mako biyu, daga nan sau biyu a mako. Ta kirim ma kusan haka take, gwargwadon irinsa da umarnin likita.

Ƙanƙantar adadin za ta fito fili idan aka yi lissafi. Wadda ta bi wannan ƙa'ida ta ƙwayar matsi shekara guda cur, ta yi amfani da ƙwaya 114, jimla miligiram 1.14. Wannan bai fi abin da ke cikin ƙwaya ɗaya ta haɗiya mai miligiram 1 da komai ba, wadda ake sha a rana guda.

Sauƙi yakan fara bayyana cikin 'yan makonni, cikakken amfani kuwa yakan ɗauki har wata uku. Fatar kan dawo da kauri da damshi, laktobasilas su dawo, tsamin wurin ya koma yadda yake. Shahararren bincike a kan haka shi ne wanda Raz da Stamm suka buga a 1993, a kan mata 93 da suka daina haila masu fama da ciwon mafitsara mai dawowa. An ba wasu kirim na istirojin, wasu kuma kirim da ba magani a cikinsa. Waɗanda suka samu maganin, ciwon ya zo musu a kan lissafin 0.5 a shekara, sauran kuwa 5.9. Tun daga 2019 ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka take ba da shawarar a ba irin waɗannan mata istirojin na matsi don rigakafi. Ke nan ga matar Dawanau da ta saba sayen kafso duk bayan wata biyu, wannan shi ne maganin da ya dace da abin da take kira sanyi.

Sai dai maganin ba ya kawar da zafin jiki da gumin dare, ba ya ƙarfafa ƙashi, ba ya dawo da haila ko haihuwa. Kuma idan aka daina, bushewar takan dawo, don haka abu ne na ci gaba.

4.4 Tsoron Sankara

Akwai ma'aikatan lafiya da har yanzu suke ɗari-ɗari da duk wani magani mai istirojin, kuma tsoron yana da asali. A watan Yuli na 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata a Amurka, mai mata 16,608, bayan an ga ƙarin sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki da daskarewar jini a jijiya ga masu shan istirojin haɗe da furojestin. A 2003 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta sa a buga gargaɗi mai tsanani a kan duk magungunan istirojin, har da na matsi, duk da cewa ƙwayar haɗiya aka gwada a binciken. Binciken da aka yi daga baya a kan masu amfani da na matsi bai nuna irin wannan ƙari ba. A 2022 Ingila ta yarda a sayar da ƙwayar matsi mai suna Gina ba tare da takardar likita ba ga matan da suka kai shekara 50 kuma suka shekara ba haila. A watan Nuwamba na 2025 ita ma hukumar Amurka ta sanar da cire wancan gargaɗi.

Duk da haka akwai waɗanda bai kamata su fara ba sai an duba su. Ta farko ita ce duk wadda ta ga jini bayan ta shekara ba haila. Sau da yawa mace kan ɗauka al'ada ce ta dawo, ta ajiye salla ta jira ya ɗauke. Irin wannan jini yana iya zama na tsagewar fata kawai, yana kuma iya zama alamar sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu a yawa cikin sankarar matan Nijeriya. Ta biyu ita ce wadda ta taɓa yin sankarar mama, musamman mai shan maganin da ke hana jiki samar da istirojin. Ita sai da shawarar likitanta na sankara. Haka kuma ƙaiƙayi na iya fitowa daga ciwon sukari ko cutar fata, shi ya sa gwajin fitsari da duba wurin suke gaba da rubuta magani.

4.5 Samun Maganin da Amfani da Shi

Daga Dawanau zuwa cikin birnin Kano tafiya ce ta mota ɗaya ko biyu, kuma akwai sashen mata a Asibitin Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ban da babban asibitin Dawakin Tofa. Saboda haka nisa ba shi ne babban shinge ba. Kuɗi ya fi shi, domin magungunan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023. A manyan shagunan magani na birni ake neman su, kuma wajibi ne a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Wadda ba ta da hali ko aka hana ta istirojin, man santsi na asibiti irin su K-Y Jelly yana rage zafi lokacin saduwa, ko da yake ba ya gyara fatar.

Ta fuskar ibada, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sanya maganin matsi na gaba cikin abubuwan da ba sa karya azumi. Wadda ke bin fatawar da ta tsananta ma ba ta da damuwa, tun da lokacin kwanciya barci ake sa shi.

Abin da ya rage shi ne yadda za a gane mai matsalar, tun da ba za ta ambace ta da sunanta ba. Za ta zo ɗakin shan magani ne ta ce sanyi ke damun ta, ko ta ce mara, ta sunkuyar da kai. Idan ma'aikaciyar lafiya mace ce, ta keɓe da ita ba a gaban suruka ko jika ba, tambayoyi uku sun isa su buɗe zancen: yaushe rabon ta da haila, sau nawa ta sha maganin sanyi a bana, kuma da me take tsarki. Ya kamata a sa waɗannan tambayoyi cikin horon jami'an lafiya na karkara da ungozomomi, domin su ne matan ƙauyukan Dawakin Tofa suke fara gani kafin su kai ga likita.